Yadda ake shata hanya a tseren keke da taswira

Saura minti guda a sallame shi ake miƙa wa ɗan tsere taswira. A cikin mintin nan zai maƙala ta a kan wani ɗan faifai mai juyawa da aka ɗaure tsakanin hannuwan keke, ya nemo alama mai kusurwa uku da ke nuna inda yake tsaye, ya bi layin shunayya da ido zuwa da'irar da ke nuna zango na farko, ya yanke shawarar ta inda zai bi. Babu kibiya a jikin bishiya, babu wanda zai tambaya, dajin ma tun tuni aka haramta masa shigarsa don kada ya haddace shi. Duk abin da zai ci karo da shi daga nan har ƙarshe, wani mutum ne, mai shata hanya, ya zauna ya ƙulla, ya kwance, ya sake ƙullawa. Ba a ganin wannan mutumin a hoton masu karɓar lambar yabo, amma ingancin gasar gaba ɗaya a hannunsa yake.

Wasan neman hanya da taswira a arewacin Turai aka haife shi. Ya faro ne a matsayin horon soja a Suwidin a ƙarshen ƙarni na 19, aka yi gasar farko ta farar hula a Norwe a 1897, sannan a 1961 aka kafa hukumarsa ta duniya, IOF. Da ƙafa aka fara. Keke bai shigo ba sai wajen ƙarshen shekarun 1980, lokacin da keken daji mai kaurin taya da giya da yawa ya yaɗu. Gasar duniya ta farko a wannan reshe, wanda ake taƙaita sunansa da MTBO, an yi ta a dajin Fontainebleau na Faransa a 2002. Ta biyu aka kai ta Ballarat a Ostireliya a 2004, daga nan kuma ta zama ta kowace shekara, in ban da 2020 da annobar korona ta hana.

Tsarin ba wuya. Akwai zanguna da aka jera a taswira, kowanne da lambarsa, kuma a kowane zango akwai tuta mai launin fari da ruwan lemo tare da na'urar da ke shaida cewa mutum ya iso. A manyan gasanni yanzu ba sai an tsaya ba, wucewa kusa da na'urar ya wadatar. Dole a bi zangunan a jere, amma tsakanin wannan da wancan kowa ya bi ta inda ya ga dama. Wanda ya gama cikin mafi ƙarancin lokaci shi ya ci.

Sai dai akwai doka guda da ta raba na keke da na ƙafa, kuma duk aikin mai shata hanya daga gare ta yake tasowa. A mafi yawan gasanni ba a yarda mai keke ya sauka daga hanyoyin da ke cikin taswira ya ratsa daji ba, sai in masu shiryawa sun ba da izini ƙarara. Mai gudu da ƙafa yana iya ɗaukar kamfas ya yanki jeji kai tsaye, a ɓoye masa tuta a bayan dutse ko cikin rami, ya sha wahalar nemanta. Shi kuwa mai keke, tutarsa a bakin hanya take, a fili. Ko takardar bayanin zango da ake ba masu ƙafa ba a ba shi, don babu abin da za a bayyana masa. Tunda gano tuta ba abin wahala ba ne, sai nauyin gaba ɗaya ya koma kan tazarar da ke tsakanin tuta da tuta. Bari mu kira wannan tazarar gaɓa, kamar gaɓar rake.

Shi ya sa gwanin mai shata hanya ba ya farawa da neman wuraren da suka yi kyau da tuta. Yana shimfiɗa taswira ne ya nemi inda ƙasar ta yi tambaya: tudu mai hanya ta kansa da wata ta gindinsa, kogi mai gada biyu, fadamar da za a kewaya ta dama ko ta hagu. Dogayen gaɓoɓi biyu ko uku masu irin wannan tambaya su yake fara kafawa, sauran gajerun kuma ya sa su don su kai mutum bakin tambaya ta gaba. Wanda ya fara da tuta, sau da yawa abin da yake samu shi ne zanguna ashirin da hanya ɗaya tilo tsakanin kowane biyu. Wannan tseren keke ne kawai, an ɗora wa mutane taswira a banza.

Don a gane yadda ake ƙulla tambayar, sai an san yaren taswirar. Farin wuri daji ne, rawaya fili ne, shuɗi ruwa, layukan ruwan ƙasa kuma su ke nuna tudu da kwari, yawanci da tazarar mita 5 na tsayi tsakanin layi da layi. Amma idon mai keke a kan baƙaƙen layuka yake. Hanyar da faɗinta ya haura mita ɗaya da rabi ana zana ta da kaurin layi, wadda ba ta kai ba kuma da siriri. Sannan kowace iri an kasa ta huɗu bisa yadda keke ke gudu a kanta. Layin da bai yanke ba yana nufin hanya ce mai santsin tafiya, za a yi kashi 75 zuwa 100 na cikakken gudu. Dogayen yanka suna nufin kashi 50 zuwa 75. Gajerun yanka, 25 zuwa 50. Ɗigo-ɗigo kuwa saiwoyi ne da duwatsu ko yashi mai zurfi, inda ba za a wuce kashi 25 ba, wataƙila ma sai an sauka an tura.

Mu ɗauki misali na lissafi. A ce ɗan tsere yana yin kilomita 30 a awa a kan kyakkyawar hanya. Daga zango na 4 zuwa na 5 akwai babbar hanya da ta kewaya, kilomita 3, wato minti 6. Akwai kuma ratse mai kilomita 1.8 kacal: kilomita ɗaya mai kyau, minti 2 ke nan, sai mita 800 ta gajerun yanka inda gudu zai sauka zuwa kilomita 12 a awa, minti 4. Jimilla minti 6. A takarda an yi kunnen doki, ko da yake ido na ganin ratsen ya fi kusa nesa ba kusa ba. To a nan ne sauran abubuwa ke shigowa. Ratsen mararraba nawa gare shi? In bakwai ne, kowace sai an ɗaga ƙafa an leƙa taswira, kuma kowace ƙofa ce ta kuskure. Babbar hanyar in mararraba biyu ce, mutum zai kwantar da kai ya taka feda, har ya samu sararin karanta gaɓa ta gaba yana tafiya, ribar da ba za ta fito a agogo ba sai can gaba. Hawa fa? In ratsen ya tsallaka layukan tudu takwas, mita 40 ke nan ta hawa, kuma hawa a kan keke na cin lokaci da ƙarfin cinya fiye da yadda yake nunawa a takarda. Gangara ma ba kullum take biyan bashin hawa ba: in mai duwatsu ce da lanƙwasa, hannu na kan birki har ƙasa.

Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, kuma a wannan wasa maganar na yin gaskiya sau da yawa. Amma mai shata hanya da ya bari kullum kewaye ne ke ci, ba da jimawa ba 'yan tsere za su gane shi, su daina tunani. Sai ya riƙa sauyawa. A wannan gaɓar kewaye ya fi, a ta gaba ratse, a wata kuma akwai hanya ta uku can gefen takarda wadda sai mai buɗe ido zai hango.

Akwai saɓani tsakanin masu wannan aiki kan ko ya kamata hanyoyin gaɓa ɗaya su zo daidai a lokaci. A ganina bai kamata ba. In duk inda aka bi minti 6 ne, to wanda ya yi tunani da wanda ya rufe ido ya zaɓa sun zama ɗaya, tambayar ba ta da amsa ke nan. In kuma bambancin ya fito fili har yaro zai gani, ita ma ba tambaya ba ce. Gaɓar kirki ita ce mai amsa ta gaskiya, wadda ke kwance a cikin taswira, mai natsuwa zai iya tono ta cikin daƙiƙu kaɗan yana haki, kuma wanda ya kasa zai yi asarar da za a ji amma ba wadda za ta kashe masa rana ba. Ya halatta amsar ta bambanta tsakanin mutum da mutum: mai ƙarfin ƙafa ya hau tudu, mai gwanintar sarrafa keke ya shiga siririyar turba, kowa ya san kansa. Wannan ma karatu ne.

Abin da bai halatta ba shi ne sa'a ta yi hukunci. Nan ne amanar aikin take. In taswira ta ce hanya layi ce marar yanka, mutum ya zaɓe ta a kan haka, ya je ya tarar motocin masu yankan katako sun mai da ita kwata, to an cuce shi, domin ya amsa tambayar daidai aka ba shi sifili. Haka in ya tarar da bishiya ta faɗi ta tare hanya, ko ƙofar shinge a kulle, alhali babu alamar shunayya da ake sa wa irin wannan cikas. Saboda haka mai shata hanya ba ya gamsuwa da zama gaban kwamfuta. Manhajoji irin su OCAD da Condes da Purple Pen suna sauƙaƙa zane da awo, amma ba su san cewa ciyawa ta rufe bakin wata turba ba. Dole ya hau keke ya bi kowace hanyar da mai hankali zai iya zaɓa, har da wadda shi kansa yake ganin ba ta da riba, ya riƙe agogo, ya kwatanta da abin da taswira ta faɗa. In suka saɓa, ko a gyara taswira ko a jefar da gaɓar, komai kyanta.

Ruwan sama na ƙara dagula lissafin. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke a ƙauye da damina ya san yashi in ya sha ruwa dannewa yake ya yi daɗin tafiya, laka kuwa sai ta kama taya ta cika sarƙa. Ke nan gaɓar da aka auna da rani tana iya juyewa a dare ɗaya, amsar jiya ta zama kuskuren yau. Ba za a iya hana wannan ba, amma ana iya kauce wa dogara da hanyar da halinta ke sauyawa sosai, musamman tunda ɗaya bayan ɗaya ake sallamar mutane, da tazarar minti biyu ko uku. Turbar da na farko ya samu da ƙarfi, na tamanin zai same ta tayoyi sun tattake ta. Wani lokacin kuma akasin haka ake samu: sawun na gaba ya fito da bakin turbar da da ba a ganinta sosai, na baya su ci bulus. Mararrabar da ba ta fito sarai a ƙasa ba, gara a guje ta, ko a share ta tun kafin ranar.

Inda aka dasa tutar a jikin hanya shi ma babban makami ne, kuma mutane kan raina shi. Matsar da zango mita ɗari gaba ko baya na iya juya amsar gaɓar da ta gabace shi da wadda ke biye da shi gaba ɗaya. In an sa shi dab da mararraba, mutum na isowa sai zaɓi ya tare shi, wanda bai yi shiri tun a hanya ba dole ya taka birki ya tsaya. In an sa shi a tsakiyar doguwar turba, sai tambaya ta zama ta wane ɓangare za a shigo, kuma in an taɓa, a miƙe ko a juya. Tutar da ke saman tudu ta bambanta da ta gindinsa: ta sama na tilasta wa kowa hawa, sai a rasa zaɓi, ta gefen tudu kuwa tana barin wani ya zo ta sama wani ta ƙasa. Akwai kuma inda hanyoyi biyu ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, mutum ya hango tuta ta cikin itatuwa alhali yana kan wadda ba ita ba. Hangen Dala ba shiga birni ba. Wannan dabara ce mai kyau in taswira ta nuna sarai a kan wace hanya tutar take, amma tana da haɗarinta.

Haɗarin shi ne jarraba. In tazarar da ke tsakanin hanyoyin mita ashirin ce ta fili, kewayen halal kuma minti biyu, to an ajiye wa mutum mai haki tarko. Wasu za su ɗauki keke su tsallaka, masu gaskiya su yi asara. Ana iya ajiye mai sa ido a wurin, kuma a manyan gasanni na'urar GPS da ke jikin 'yan tsere na tona asiri. Duk da haka na fi ganin girman mai shata hanyar da ya tsara abinsa yadda saɓa doka ba zai yi riba ba tun farko.

Tsawon hanya kuwa daga lokaci ake lissafo shi. Dokokin IOF sun ƙayyade lokacin da ake so zakara ya yi a kowane nau'i: gajeren tsere minti 20 zuwa 25, matsakaici ƙasa kaɗan da awa guda, dogo kuma ya doshi awa biyu. Mai shata hanya zai kimanta gudun gwanaye a wannan dajin, ya fitar da kilomitocin da za su cika lokacin, kuma awon ana yin sa ne ta bin gajeriyar hanyar da mai hankali zai bi, ba a miƙe kamar tashin tsuntsu ba. Kowane nau'i da halinsa. Gajere ana yawan yin sa a cikin gari ko wurin shaƙatawa, da taswira mai ma'aunin 1:5000 ko 1:7500, zanguna kusa da kusa, shawara kan shawara ba numfashi. Matsakaici na son daji mai turbobi kamar saƙar gizo. Dogo shi ne gidan manyan gaɓoɓi, yawanci a ma'aunin 1:15000, inda santimita ɗaya ke wakiltar mita 150. A nan wata matsala ta zahiri ke ɓullowa: faifan da ke kan keke bai wuce kimanin santimita 30 ba, wato kilomita huɗu da rabi a ƙasa. Gaɓar da ta fi haka, ko wadda amsarta ke can inda aka naɗe takarda, tana sa mutum tsayawa ya warware taswira. Shi ya sa ake raba doguwar hanya gida biyu ko uku, a juya takarda ko a karɓi sabuwa a wani zango.

Ƙasar ma ita ke faɗin irin tambayar da za ta yiwu. Dajin Fontainebleau yashi ne da manyan duwatsu, da miƙaƙƙun hanyoyin da aka yanka don farautar sarakunan Faransa, waɗanda ke haɗuwa a mararraba mai rassa da yawa kamar tauraro. A irin wannan wuri kuskure ɗaya ne, ɗaukar reshen da ke maƙwabtaka da naka, kuma ba za ka farga ba sai ka yi nisa. A Finlan, inda aka yi gasar duniya a Joensuu a 2006 da Kuortane a 2021, hanyoyin da ake zamiya a kansu lokacin ƙanƙara kan zama saƙar turbobi da bazara. A Montalegre ta arewacin Fotugal, mai masaukin 2010, tsauni ne ke mulki, layukan tudu su ne rabin karatun. Wanda ya ɗauko salon wani daji ya ɗora wa wani, ƙasar ba za ta karɓa ba.

Sai batun rai da lafiya, wanda ya rinjayi duk wani kyan gaɓa. Mutum biyu a kan keke, ɗaya na gangarowa a guje ɗaya na hawa, kowanne idonsa rabi a taswira, a turbar da ba ta kai mita ɗaya ba: wannan shi ne abin da ke hana mai shata hanya barci. Hular kwano dole ce, amma ba ta isa ba. Don haka yakan zana duk hanyoyin da kowane rukuni zai iya bi, maza da mata, matasa da dattawa, ya duba inda za su yi gaba da gaba. In ya ga haka a gangara mai kwana, ko ya matsar da zango, ko ya mai da turbar ta tafiya ɗaya da kibiyar shunayya a taswira, ko ya haramta ta. Zangon da ake shiga a fito ta hanya ɗaya ya fi kowanne jawo wannan, ga shi kuma mai fitowa na nuna wa mai shigowa inda tuta take. Titin mota ana tsallaka shi ne a wurin da aka ƙayyade, da masu tsaro, kuma ana dasa zango dab da wurin don kowa ya biyo ta nan ba tare da an roƙe shi ba.

Doka da masu ƙasa su ma suna da baki. A Suwidin da Finlan al'ada da doka sun ba kowa damar shiga daji, ko da yake gasa sai da yardar mai wuri. A Ostiriya kuwa dokar gandun daji ta 1975 ta hana hawa keke a hanyoyin daji sai da izinin mai shi, kuma a jihar Baden-Württemberg ta Jamus ba a yarda da keke a turbar dajin da faɗinta bai kai mita 2 ba. Manomi na iya cewa kada a bi ta gonarsa, masu kula da namun daji su rufe wani yanki saboda tsuntsaye na sheƙa. Kowace hanya da aka rufe tana cire zaɓi ɗaya, wani lokacin ta rushe gaɓar da aka gina gasar a kanta.

A tseren da ake sallamar kowa lokaci ɗaya, da na miƙa-hannu tsakanin 'yan ƙungiya, damuwar daban ce: kada wani ya manne wa na gabansa ya bar karatu. Maganin shi ne rarraba zanguna. Mutum biyu za su taso tare, amma zango na 3 na wannan ba shi ne na wancan ba, sai su rabu su sake haɗuwa a na 4. Akwai tsarin da ake kira Farsta, sunan wata unguwa a Stockholm, inda ake cuɗa rassan yadda a ƙarshe kowace ƙungiya ta bi gaɓoɓi iri ɗaya, sai dai jerin ya bambanta. Wahalar a keke ita ce rassan su yi kusa da juna a tsawo, don kada wanda ya fara da dogon reshe ya rasa ayari tun da wuri, tunda tafiya a bayan wani na rage dukan iska.

A gasar da ke ƙarƙashin IOF, akwai mai ba da shawara da hukumar ke naɗawa, wanda ke bin aikin mai shata hanya da idon baƙo, ya duba taswira, ya bi gaɓoɓin, ya ce a sauya in ya ga aibu. Da asubar ranar gasa kuma, kafin a sallami kowa, wasu mahaya kan zagaya zangunan ɗaya bayan ɗaya, su tabbatar kowace tuta na inda da'ira ta ce, lambarta ta dace, na'urarta na aiki, kuma iskar dare ba ta kayar da bishiya a kan wata hanya ba. Bayan an tashi, sai mai shata hanya ya buɗe sawun GPS na 'yan tseren a kan taswirarsa, ya je kai tsaye kan doguwar gaɓar da ya fi wahala a kanta, ya ga ko layukan sun rabu gida biyu ko uku kamar yadda ya yi fata, nawa suka bi ta tudu, nawa suka kewaya, da daƙiƙa nawa ke tsakaninsu a zango na gaba.